Tsummoki Goma Sha Ɗaya a Rumfar Halilu Mai Faci

Da sunan Allah wanda Ya ba da rai amana, Ya kuma ce za a tambayi wanda aka ba. Wannan labarin Halilu mai faci ne, mutumin Kore Mairuwa, mazaunin Dogon Dutsi.

Manomin hatsi ne ɗan manomin hatsi. A ƙuruciyarsa ya yi ci-rani shekara bakwai a ƙasar Kabi, ya komo da famfo da gam da ciwon baya, ya kafa rumfa a bakin gudron, wato hanyar kwalta, kusa da inda hanyar Matankari take rabuwa. Karatunsa bai wuce abin salla ba, amma bai taɓa liƙe taya ya ce sabuwa ce ba.

Wanda ya shiga rumfar zai ga igiya a sama, da tsummoki goma sha ɗaya rataye a jikinta, kowanne baƙi ƙirin da man sarƙa. Na farkon shekara shida ke nan. Wani ɗan kabu-kabu ya turo motonsa, wato babur, da hantsi, gefen zani ya naɗe a ƙafar baya har ta daina juyawa. Matar da ya ɗauko tana da goyo. Zanin ya fizgo ta, ta faɗi ta baya, a kan goyon. Ita ta tashi, yaron bai tashi ba. Halilu ya sa reza ya yanke zanin, ya nufi juji da shi, sai hannunsa ya ƙi sakinsa. Ya komo ya rataye. Sauran goman ma haka suka zo, kowanne daga ƙafar wani moto ya yanko shi.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Yakan bar taya a cikin ruwa ya ruga bakin hanya don ya hangi mayafi yana lilo kusa da sarƙa. Yakan saɓa igiyar tsummokinsa ya tafi wurin suna, ko ƙofar masallaci bayan la'asar, ko gidan likita ranar awon jarirai, inda Madam Ornella mai awo take ba shi benci ya hau. Maganarsa ba ta da yawa: mace ta tattara gefen tufarta ta danne da cinya kafin moto ya tashi, kuma kada a ɗora yaro a kan tankin mai, domin yaro barci yake yi ba ya sallama. Ya kuma koyi yanka tsohuwar jarka ya ɗaure ta da waya a gefen ƙafar baya, ta zama katanga tsakanin tufa da sarƙa.

'Yan kabu-kabu suka sa masa suna Limamin Taya. Zaidu, babban mai tsokana a cikinsu, yakan ce, "Liman, yau huɗuba ko faci?"

"Kawo moton, ɗan nema. Huɗubar kyauta ce."

To, mutumin da ya faɗa wa gari duka, akwai mutum ɗaya da bai iya faɗa wa ba. Mardiyya ce, ɗiyarsa ta fari. Bisa al'adar iyaye, tun da aka yanka mata rago bai ambaci sunanta ba. Ƙanwarsa Sahura ce ta raine ta, kuma in zance ya tilasta masa sai ya ce "ta wajen Sahura". Mardiyya ta auri Anas, wani saurayi mai kantin wayoyi a Matankari, mai son sunna da tsare sutura. Ta haihu, ta zo gida wankan jego, kwana arba'in suka cika, aka sa ranar Alhamis mijin zai zo ya ɗauke ta da jaririn a kan moto. Ya kuwa aiko mata da sabon hijabi mai jan ƙasa. Halilu ya gan shi a shanye a tsakar gida, ya auna shi da ido, tuwo ya fita ransa.

Ya fara da matarsa Maimunatu. Ta kau da kai ta ce, "Malam, ni da na haife ta? In kai kana jin nauyi, ni ina zan sa kaina?"

Ya tafi wurin Sahura. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Yaya, mata nawa suka hau moto suka sauka lafiya? Zan faɗa mata, in na tuna."

Wannan "in na tuna" ba ta kwanta masa a rai ba. Surukin kuwa ba a ma zancensa. Tsakaninsu gaisuwa ce daga nesa, takalma a tuɓe, ido a ƙasa.

Ranar Alhamis ya bar gida da sassafe kamar yadda ya dace da uba, don kada a yi sallama a gabansa. Amma ya yi dabara: ya yanka jarka mafi kauri, ya tanadi waya, ya ce a ransa dole su bi ta gaban rumfa, sai ya tsai da moton da sunan duba iska. Ya zauna, ya tashi. Ya leƙa hanya, ya komo. Ya liƙa faci a inda babu huda. Ya sake leƙawa. Duk ƙarar moto sai ya miƙe.

Zaidu, da yake jiran tayarsa, ya ce, "Liman, yau kujerar ƙaya gare ta? Wa kake jira?"

"Baƙon Matankari."

"Surukinka? Haba Liman! Wane mai kunya ne zai ratsa gaban surukinsa a bisa moto, da ɗiyarsa a baya? Ta bayan kasuwa za su bi, su faɗa hanya can gaba. Ai na ga motonsa a ƙofar gidanka tun ɗazu, ana ɗaura kaya."

Halilu bai tsaya neman takalmi ba. Ya suri jarkar da wayar ya ruga. Shekara hamsin da takwas, da ciwon baya, yana ratsa masu tallan ƙosai da jakunan ruwa, mutane na tambaya ko gobara ce. Yana gudu zuciyarsa na gardama da shi. Kunya daga imani take, haka ya ji malamai suna faɗa. Amma ya ji sun kuma ce kiyaye rai yana gaba, kuma abin da ya hana mutum faɗin gaskiya har a cutu rauni ne da ya ari rigar kunya. Ya san duka biyun tun da daɗewa, sai dai bai taɓa jin su suna kokawa a ƙirjinsa ba sai yau.

Ya ɓullo bayan kasuwa daidai lokacin da moton yake fita daga rairayi. Ga Anas da kaske, hular kwano, a kai, ga matarsa a baya da jariri a goye a ƙarƙashin hijabi, ga gefen hijabin yana lasar ƙafar baya. Taku kaɗan ya rage su hau tsandauri a ƙara wuta. Ya ɗaga hannu, ba wanda ya waiwaya. Ya ce "Kai!", kasuwa ta haɗiye.

Sai ya buɗe baki da iyakar ƙarfinsa: "Mardiyya!"

Ta san muryar, amma ba ta taɓa jin sunanta a cikinta ba. Ta dafa kafaɗar mijin, moton ya tsaya. Anas ya diro ya tuɓe takalma a cikin rairayi mai zafi, ya durƙusa.

"Baba, lafiya?"

Halilu bai dube shi ba. Ya tsuguna gaban ƙafar baya yana haki, ya ɗago gefen hijabin. Man sarƙa ya riga ya zana masa baƙin layi. Ya nuna wa surukin.

Anas ya ce a hankali, "Baba, sutura ce na nufa."

"Ban ce a rage ko taƙi ɗaya ba, ɗana. Allah Ya ƙara maka son sunna. A tattara shi na ce." Ya fara murɗa waya. Da ya gama ɗaure jarkar, ya ɗaga kai ya dubi ɗiyarsa ido da ido. "Tattara shi duka, ki danne da cinya, hagu da dama. In kin ji ya zame, ki sa ya tsaya. Kada ki ji nauyinsa kamar yadda na ji naki."

Ta ce, "To, Baba," ta rufe fuska da hannu ɗaya, da ɗayan tana tattarawa. Ya sa ta sake, don bai gamsu da na farko ba. Jaririn bai ko motsa ba.

Ya tsaya har suka ɓace, sannan ƙafafunsa suka gaya masa rairayin na ƙuna.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Sahura ta zo rumfar da kanta, mayafi a kafaɗa. "Yaya, an ce ka yi shela da sunan ɗiyar fari a tsakiyar kasuwa. Ina za mu sa fuskarmu?"

"Ke ai kin ce in kin tuna."

"Na manta," in ji ta, ta zauna a kan tsohuwar taya.

Bayan la'asar Anas ya kira wayar Zaidu, domin har yanzu ba ya iya kiran surukinsa. Ya ce a gaya wa Baba sun sauka lafiya, kuma abokansa biyu suna tambaya ko akwai sauran jarka. Halilu ya yi hamdala. Ya ɗaga kai ya ƙirga tsummokin igiyar, ya sake ƙirgawa, goma sha ɗaya ne. Bai kai ga zama ba ya hangi wata mata a bayan moto, mayafinta na lilo, ya ajiye famfo ya nufi bakin hanya.