Butar Hajiya a Lambu

Ina shiga care home ɗin da nake aiki a Gorton, gidan kula da tsofaffi, sai na hango abokiyar aikina, wata Baturiya, tana ba furanni ruwa da koriyar butar roba, irin tamu ta gida.

Na san mai ita. Ta Hajiya ce, tsohuwar da aka kawo mana makon jiya. Kwana uku ke nan tana ture ruwa da shayi, har ana shirin kiran GP, wato likita.

Na karɓi butar, na wanke, na je ɗakinta na durƙusa. "Mama, me ya hana ki shan ruwa?"

Ta yi ƙasa da murya. "'Yar nan, in na sha zan zaga. In na zaga, da me zan yi tsarki? Da takarda?"

Na miƙa mata butar. Ta rungume ta, sannan ta shanye kofi biyu na ruwa a gabana.

Abokiyar aikina ba mugunta ta yi ba, a banɗaki ta gan ta, ta ɗauka ta lambu ce. Amma ban bar maganar ta wuce ba. A ranar na sa manaja ta rubuta butar a care plan, takardar tsarin kula da Hajiya, kuma yanzu duk wanda aka kawo sai an tambayi iyalinsa yadda ya saba tsarki.

Hajiya ba magani take buƙata ba, tambaya ɗaya ce ba a yi mata ba. Ku masu tsofaffi a irin gidajen nan, me har yau ba a tambaye su ba?