Telan da Ya Rage Rigar Wuta

Usta Bayyumi tela ne a lungunmu na birnin Dumyat, kuma shekara arba'in ke nan ina zama a bakin shagonsa ina shan shayi ina jin haushinsa. Hannunsa mai albarka ne, wannan ba a musu. In ya ɗinka wa ƙato mai tumbi kwat, sai ka ga mutum ya miƙe sambal kamar itacen dabino a gaɓar kogi. Amma yana da ciwo guda wanda ba shi da magani: ba ya iya ganin riga ta yi wa mutum yawa ya kau da kai. Ya taɓa tare liman a ƙofar masallaci ya kama masa hammatar riga. Ranar jana'izar surukinsa, da kunnena na ji shi yana gunaguni a kan likkafani.

Ɗansa Ramzi ya ƙi keken ɗinki, ya shiga aikin kashe gobara. A garin da kowane lungu yake cike da shagunan kafintoci, da dusar katako, da gwangwanayen fenti, wannan ba aikin zaman inuwa ba ne. Uban ya haƙura da aikin. Abin da ya kasa haƙura da shi, rigar aikin.

Wata Talata da hantsi Ramzi ya shigo da ita a kafaɗa, burmemiya, mai nauyin ɗan akuya, tana warin hayaƙi.

"Baba, aljihun nan ne ya ɓalle. Aljihu kawai. Ga zarenta na musamman, wuta ba ta cinsa."

Bayyumi ya ƙyasta ashana ya kara wa bakin zaren, kamar yadda yake gwada kowane yadi. Zaren ya yi baƙi, bai narke ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya haɗu da ɗan mutunci. Sannan ya ce, "Sa ta in gani."

Ramzi ya sa. Uban ya zagaya shi sau biyu yana tsaki.

"Wannan riga ce ko rumfar biki? Kai da matarka da surukarka duk za ku shige, har da wurin baƙo."

"Baba, haka ake yinta. Shafi uku ne, kuma iskar da ke tsakaninta da jikina ita ke tare zafi. In ta manne mini, na gasu."

"Iska!" Ya juyo wurina. "Ka ji, Ustaz Hilmi? Iska suka ɗinka masa. Shekara hamsin ina sana'ar nan, ban taɓa sayen iska ko kamu ɗaya ba."

"Aljihu kawai, Baba. Don girman Allah."

"Na ji. Tafi abinka."

Wataƙila da abin ya tsaya nan, ba don Shahata mai aski ba, wanda shagonsa ke kallon namu, kuma Allah ya hore masa baki fiye da reza. Ya leƙo da kumfa a hannu ya ce, "Usta, jiya na ga ɗanka a kan motarsu. Wallahi na ɗauka buhun albasa ne aka sa wa hula. Ɗan tela ke nan fa!"

Bayyumi ya dubi rigar. Sai na ga ya zaro alli daga bayan kunne.

"Me za ka yi?" na tambaye shi.

"Aljihu."

"Yaushe aljihu ya koma kafaɗa?"

"Kai dai ka ji da baitocin waƙoƙinka. Na taɓa gyara maka amsa-amo?"

"Yaron nan ya gaya maka dalili."

"Yaron nan ni na ɗinka masa rigar suna."

Na yi magana har shayina ya huce. Na kawo misali da gwangwani a kan garwashi, na kawo da hannun tukunya. Kamar ina yi wa bango huɗuba. Ya kama kafaɗu biyu, ya kama hammata, ya matse baya, ya bi shafukan nan uku ya haɗe su da ɗinki ɗaya, siriri, miƙaƙƙe, mai kyau kamar rubutun gwani. Allura biyu ya karya. Da ya gama ya ɗaga ta sama yana murmushi, ni kuwa na tashi na tafi gida ban yi masa sallama ba.

Ga nawa laifin. Washegari Ramzi ya zo a gurguje, ya tarar da ita a naɗe cikin takarda, ya ɗauka ya wuce. Ina zaune. Na buɗe baki, Bayyumi ya harare ni, na mayar da bakin kan kofi. Na ce wa raina ai zai gwada ta, zai gani.

Bai gwada ba sai ranar Alhamis bayan azahar, a kan mota, jiniya na kuka, lokacin da wani babban ɗakin ajiyar kujeru ya kama da wuta a bakin kogi. Daga lungunmu muna hango hayaƙin, baƙi ƙirin, yana hawa sama kamar an kwance wa dare igiya da rana tsaka. Bayyumi ya fito ƙofa da almakashi a hannu, ya ce mini, "Yau dai za su ga ɗan tela."

A asibiti muka same shi da la'asar, kwance rub da ciki. Ya shiga wutar da mesa a hannu, ya fito da ƙafafunsa, amma da aka cire masa rigar sai fatar kafaɗunsa ta biyo ta. Uwarsa, Sitt Fathiyya, tana zaune a gefen gado. Ba ta ɗago ta dubi mijinta ba. Ta ce wa bango, "A gaya wa gwani ya zo ya ga aikinsa."

Shugaban ayarinsu, wani mai furfura ana ce masa Abdul-Ati, ya shigo da rigar a juye, ciki waje. Ya shimfiɗa ta a kan kujera, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Kai ne mahaifin? Wallahi ɗinki ne mai kyau, Usta, ban taɓa ganin irinsa ba. Duk inda ka bar rigar da faɗinta, fatar yaron nan lafiya lau take. Duk inda allurarka ta bi, ga shi can an kwafe maka shi a bayansa."

Na ɗauka zai yi musu, don shi mutum ne da yake musu da agogo. Ya buɗe baki ya ce, "Amma zaren..." Ramzi ya ce daga cikin matashi, "Zaren bai ci amanarka ba, Baba. Yana nan daram."

Wata uku Ramzi bai ɗaga hannu sama da kansa ba. Kullum uban yana zuwa da romon tantabara, ya zauna a bakin ƙofa, ya tafi. Shahata ya daina leƙowa.

Ranar da yaron ya koma aiki, motarsu ta tsaya a bakin lungu, ya sauko da sabuwar riga don uwarsa ta gan shi. Bayyumi ya fito ya kama kafaɗar rigar da yatsu biyu, irin kamun nan da na sani.

"Ɗaga hannu," ya ce. "Ƙara ɗagawa. Sunkuya."

Ya dunƙule hannunsa ya cusa tsakanin rigar da kafaɗar ɗansa, ya juya shi a ciki, ya ɓata rai.

"Ta yi maka kaɗan. Ka ce su ba ka wadda ta fi ta."

"Baba, daidai take. An auna ni."

"Wa ya auna ka? Tela ne?"

Direba ya danna ƙaho. Bayyumi ya saki ɗansa, ya nufi motar da tef ɗin awo a wuya, yana daka wa sauran abokan aikin ɗansa biyar tsawa su sauko ɗaya bayan ɗaya.