Jitar da Sambo Maƙeri ya ɓata, ya gyara

Shekara ashirin ke nan da rasuwar aminina Sambo, maƙerin fari na Wurno, mai ƙirar tagulla da azurfa, amma ba na jin kiɗan jita ban tuna da taurin kansa ba.

Zamanin Turawa ne, na dawo daga yaƙi da jita a kafaɗa. Ta wani abokina soja ce da bai dawo ba, ita kaɗai ta rage mini daga gare shi. Ƙarafan nan da ke gicciye a wuyanta sun cinye, tsirkiya sai zuza take yi kamar ƙuda a tulu. Na yawata da ita Rabah da Goronyo, kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Sambo kuwa, da yake yana gyaran molo da garaya, ko gezau bai yi ba.

Ya juya ta, ya ce, "Soja, wanda yay yi wagga aba bai iya awo ba. Mi ya hana shi raba su daidai?"

Ashe ganin tazarar ƙarafan tana tsukewa zuwa ciki, ya ɗauka ganganci ne. Ya cire su duka, ya cike gurabunsu da ƙaro da garin katako, ya ƙera sababbi na tagulla, ya jera su daidai wa daida da awon tsinke. Aiki ya yi kyau a ido. Da na kaɗa waƙar da marigayi abokina soja ke so, ko ni ban gane ta ba. Raina ya ɓaci matuƙa, na ce masa ya kashe mini abokina a karo na biyu.

Bai kare kansa ba. A gaban masu zaman maƙera ya ce, "Ni naɓ ɓata ta. Bar mani ita."

Kwana tara ya rufe ƙira. Ya bi tabon tsofaffin gurabu ya tone su, ya mayar da sababbin ƙarafan cikinsu, yana goga da magagari yana sa ni kaɗawa. Da sauti ya ƙi zama can ƙasan wuya, sai ya riƙa gusar da jakin da tsirkiya ke hawa, kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin katako. Ranar da waƙar ta fito sak, na yi kuka, shi kuma ya yi kamar hayaƙi ne ya dame shi.

Yau samari na sayo jita a Sakkwato, ƙarfe ɗaya ya cinye su jingine ta. Na san da Sambo na nan da ya yi tsaki ya ce a miƙo masa.

Bai bar gida na a zo a gani ba, kayan ƙirarsa ma an raba. Amma a tsawon rayuwata na ga gwanaye da yawa, shi kaɗai na ji ya ce shi ya ɓata, alhali ban da ni, ba wanda ya san jita balle ya kama shi. Ina alfahari da shi. Allah ya jiƙan Sambo, ya mayar mini da muryar abokina.