Farar Ƙasa a Kan Jirgin Babanta

Duk shekarun da na yi ina koyar da zane a wata lakwal, wato makarantar boko, a Gaya, ban taɓa samun lokacina cikakke ba. Darasina shi ne na ƙarshe ranar Juma'a, kuma kowa ya mai da shi gonar da ba ta da mai ita. Mushen lissafi, wato malamin lissafi, ya yanki rabi, darakta ya kwashe mini yara su yi shara. In na yi magana a ce, "Haba mushe, zane ne fa." Wannan "fa" ɗin har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Littafin da aka ba ni kuwa, tuffa ce a ciki da gida mai dusar ƙanƙara a kai. Yaran da suka tashi da rake da mangwaro, wai su zauna suna kwafar tuffa. Na ajiye shi gefe. Na riƙa fita da su bakin hanyar duwan, wato kwastan, inda manyan motoci ke layi kafin su haye gada, mu tsaya mu dubi zakuna da furannin da aka zana a jikinsu. Na ce su dubi atamfar iyayensu mata da ƙwaryar Fulani masu nono. Tambayata ɗaya ce kullum: wa ya ajiye wannan ja kusa da wannan kore, kuma don me?

A ajin akwai wata yarinya ƴar masunta. Dendi take yi a gida, Hausa a kasuwa, Faransanci kuma ya ƙi zama a bakinta, har malamai suna ce mata kurma. Amma ka ba ta gawayi ka ga ikon Allah. Babanta bai taɓa taka lakwal ba, don ba abin da yake ji daga can sai labarin sifiri.

Na roƙi darakta bangon ajinmu, wanda ke kallon fili. Ya ce in yi yadda na ga dama, ko ɗago kai bai yi ba. Muka niƙa jar ƙasa da gawayi, muka samo bular wanki, muka kwaɓa da ƙaro don su kama. Wani ya zana gada, wani giginya. Ita ta zana jirgin babanta, yana tsaye a ciki yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, har da facin gwangwanin da ke gefen hagu na jirgin. Da ta gama, ta zo ta tsaya gabana ta ce, "Mushe, na ce wa baba ya zo ranar kasuwa ya ga jirginsa." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta.

Sai ga saƙo: babban baƙo mai duba lakwal zai zo daga Dosso. Mu kuwa muna da wata ɗabi'a da na tsana. In manya za su zo, farar ƙasa ake kwaɓawa a shafe komai, itatuwa har ƙugu, duwatsu, bakin rijiya. Da akuya za ta tsaya wuri ɗaya, da ita ma an shafe ta.

Ranar Juma'ar da ta gabaci zuwansa aka aike ni aro kujeru. Na dawo na tarar da ƴan ajina, a cikin lokacin darasina, da bokitai da tsintsiyoyi a gaban bangon. Zanen gada ya riga ya tafi. Yarinyar kuwa, da yake ta fi su tsawo, ita aka ba ɓangaren jirgin. Ba ta kuka. Tana shafawa a hankali, tana zagaye hoton babanta, ta bar shi sai ƙarshe.

Na nufi ofis. Na ce, "Darakta, wane irin zalunci ne wannan? Ko ba komai ai sai ka sa wasu, ba su ba." Ya ce, "Mushe, bango mai dabbare-dabbare ba ya tarbar baƙo. In ya tafi ku sake wani." Ku sake wani, sai ka ce kwanon tuwo ne aka ɓarar. Na faɗa masa abin da ya zo bakina, ban kuma yi nadama ba, amma ihu ne bayan hari.

Baƙon ya zo, ya tsaya a gaban farin bango, ya yi dogon jawabi a kan buɗe idon yara su san kyakkyawan abu. Aka tafa. Ni hannuna na cikin aljihu. Ya sha lemu, ya shiga mota.

Ranar kasuwa sai ga tsohon, babanta, da rigarsa ta zuwa Juma'a. Na rasa inda zan sa kaina. Na buɗe baki zan yi bayani, yarinyar ta riga ni, ta kama hannunsa ta kai shi gaban bangon. Ta riƙa nuna masa da yatsa a kan farar ƙasa, tana magana da Dendi: nan goshin jirgi, nan kake tsaye, nan birgi ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ta, "Kin sa facin gefen hagu?" Ta ce ta sa. Ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Malam, jirgina ne."

Ban sake ba yaran bango ba, don ban yarda da kowa a lakwal ɗin ba. Ita kuwa har ta bar ajina, in na miƙa mata gawayi sai ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a kan tebur, ba ta zana komai.