Yadda Babarbariya Ta Ƙwace Mini Fura

Tun ina da ƙarfin ɗaga taɓarya fura nake yi, kuma ba yabon kai ba, daga unguwarmu a nan Daura har kasuwar shanu ta Mai'adua an san hannuna. Gerona ni nake zaɓa, ni nake surfawa. Citta da kanumfari da masoro ba na barin kowa ya auna mini. Nono kuwa daga rugar dangin mahaifiyata ake kawo shi, don mu Fulani ne, ko da yake gari ya cinye mu tun zamanin kakana. Yare ya tafi, shanu sun tafi, sai dogon hanci da kunya suka rage mana. A duk tsawon rayuwata mace ɗaya ce ta taɓa dawo mini da ƙwarya cike da fura, ko ludayi ba ta jiƙa ba.

Babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa, fataucin shanu yake yi. A da can ƙasar Barno yake zuwa saro su, yana sauka a gidan wani fatoma, wato mai saukar fatake, a wani gari da ke kusa da tafki. Duk dawowar da zai yi sai ya cika mana kunne da labarin matar fatoman nan. Wai tukwanenta a jere suke kamar gidan biki, kullum. Wai ba ta taɓa tambayar ko baƙi nawa suka sauka, ita dai ta ɗora. Har nakan ce masa, to ka koma can mana, tunda ita ta yi maka naƙuda.

Sai rikicin nan ya tashi a gabas. Masu bindiga suka shiga garinsu ranar kasuwa. Fatoma a ƙofar gidansa aka kashe shi. 'Ya'ya suka watse, wasu an ce sun tsallaka Nijar, wasu ba labari. Ɗana ya daɗe yana cigiya kafin ya same ta a wani sansanin 'yan gudun hijira. Ya ce ana rabon abinci, jama'a sun yi layi da robobi a hannu, ita kuma tana zaune can gefe ƙarƙashin wata bishiya ta juya baya. Bai yi shawara da kowa ba, ya sako ta a mota ya kawo mana ita.

Doguwa ce, baƙa, tsagar Barebari zara-zara a fuskarta, ta naɗe da lafaya guda ɗaya wadda ta koɗe. Buta da carbi su ne kayanta. Sa'ata ce, ko da yake har yau muna gardamar wadda ta girmi wata. Na share mata ɗakin da ke kallon nawa, surukata ta shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa. Da yamma na dama fura da hannuna, na ƙara mata nono fiye da yadda nake yi wa masu saye, na aika. Da safe ƙwaryar ta dawo yadda ta tafi, an rufe ta da faifai tsaf.

Mutanen unguwarmu ba a koya musu karɓar baƙo. Kafin mako ya zagayo, langa da samira sun cika ƙofar ɗakinta. Wannan ta kawo tuwo, waccan dambu, matar liman ta kawo atamfa. Sai su shiga su zauna su zagaye ta.

"Allah sarki, baiwar Allah. Sannu kin ji."

"A gabanki aka harbe shi?"

"Ki ci wannan don Allah, sadaka ce, ba komai."

Ita kuma ta ce na gode, da Hausarta mai nauyi, ta ce Allah ya saka. In sun fita ta ɗan tsakuri loma ɗaya ko biyu don kada ta ɗauki alhakin ranta, sauran ya kwana. Kajina ne suka yi ƙiba a watannin nan. Ita kuwa tana ta zubewa. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ɗana ya kai ta asibiti, suka duba suka ce ba ciwon da suka gani, abinci ne jikinta ke nema. Ya sayo maganin sa cin abinci, ya sayo kifi busasshe irin na wajensu. Duk a banza. Wata rana ya shigo ɗakina ya durƙusa, idonsa ya yi ja.

"Inna, matar nan mutuwa za ta yi a hannunmu. Na ci tuwonta shekara da shekaru, yau ga ta a gidana ta kasa cin nawa."

Na ce ya tashi ya tafi kasuwarsa.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na san mutane, don duk wanda ya sayar da abin ci a ƙofar gida ya ga fuskoki. Na zauna ina kallonta daga bakin turmi. Abin da na lura da shi ƙarami ne. In aka miƙa mata kwanon tuwo, kafin ta rufe, sai hannunta ya kai kan malmala ya gutsuttsura ta kashi-kashi, ya jera a gefen kwano, kamar mai raba wa mutane. Ba ta ma san tana yi ba. Sai ta duba ta ga ba kowa a gabanta, ta janye hannun ta ɓoye cikin lafaya. Nan na gane. Matar da ta saba a ce mata an gode, ita ce yanzu ke faɗin na gode tun safe har faɗuwar rana. Kalmar ce ta tokare mata maƙogwaro, ba tuwon ba.

To, mu Fulani akwai abin da ke tsakaninmu da Barebari, wanda yaran yanzu suka fara mantawa. Abokan wasa muke tun kaka da kakanni. Bafulatani ya ce Babarbare bawansa ne, Babarbare ya ce ƙarya ne, shi ne ubangida. A zagi juna a kasuwa, a ƙwace wa juna hula ko goro, ba fushi, ba ƙara wurin alƙali. Kuma abin da ka ɗauka a hannun abokin wasa ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce. Haƙƙinka ne, ba a godiya a kansa. Na tuna yadda mahaifina yake yi da wani Babarbare mai sayar da kanwa, su yi ta tsiya har mutane su taru, a ƙarshe su ci tuwo kwano ɗaya.

Wata rana da hantsi, mata sun taru a ɗakinta kamar yadda suka saba, ana ta sannu da Allah sarki. Na ɗebo gero a ƙwarya, na ɗauki taɓarya, na je na tsaya a bakin ƙofa na dangwarar da su.

"Ke Babarbariya, tashi. A garinku haka bayi suke yi, uwargijiya na daka suna kwance?"

Matar liman ta kama baki. Surukata ta taho da gudu daga madafa tana goge hannu a zane.

"Inna, don girman Allah. Baƙuwa ce fa."

"Baƙuwar wa? Kayana ne Allah ya dawo mini da shi har gida. Kakanta kakana ya saya, da ɗan maraƙi gurgu, har aka yi masa gyara."

Ta ɗago kai ta dube ni. Tun zuwanta ban taɓa ganin ƙwayar idonta sosai ba sai ran nan. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin azahar labari ya gama unguwa cewa tsohuwa mai fura ta fara ruɗewa.

Ran nan ban aika mata da fura ba. Washegari ma haka. Sai dai in na gama damu, in ɗauko kujerata 'yar tsugunne in kafa a ƙofar ɗakinta, in juya ludayi a hankali yadda ƙamshin citta zai shiga, in riƙa kurɓa ina lumshe ido.

"Wannan ba abincin bayi ba ne," in ji ni. "Ku da kuka saba da ɗanyen tsaki da kan kifi, ina za ku san daɗin nono. In kin yi mini shara da kyau, wataƙila in bar miki ɗaurayen ƙwarya."

Gaskiya kasada na yi, don jikinta ya yi rauni ƙwarai, kuma surukata ta daina haɗa ido da ni. Amma na riga na ga idon nan, na san akwai sauran wuta a ciki.

Ana cikin haka wata safiya, ina zaune ina ta surutuna, sai na ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Fulata."

Haka suke kiranmu. Na yi kamar ban ji ba.

"Fulata, da ke nake. Saniya nawa gare ki?"

Na ce, "Ina ruwan baiwa da dukiyar uwargijiyarta?"

"Ko ɗaya babu. Na duba gidan nan, kaji ne kawai, su ma da tuwona suka yi ƙiba. Yi mini Fulatanci in ji."

Nan ta kama ni, don ko gaisuwa ban iya da Fulatanci ba.

"Ba saniya, ba yare. Ke Fulatar me ce? Ƙafafu kamar sillen kara. Irinku a gidana bayan garke muke ba su wuri, in an gama cin abinci a kira su wanke-wanke."

Surukata da ke tankaɗe sai da ta saki rariya, ta toshe baki da gefen mayafi. Sai ga Babarbariya ta dafa bango ta miƙe, ta tako a hankali har inda nake. Ta sa hannu biyu ta fizge ƙwaryar daga cinyata, har fura ta fantsalar mini a zane.

"Uwargijiya ba ta roƙon baiwa. Kawo ludayin."

Ta zauna a dokin ƙofa ta sha. Ta yamutsa fuska ta ce citta ta yi yawa, nonon kuma an tsinka shi da ruwa, halin Fulani. Ƙarya take yi, nonona ba a taɓa tsinka shi ba. Ta ci gaba da sha tana kushewa har ta kai ƙasan ƙwarya, ta sa yatsa ta suɗe. Sannan ta turo mini ita da ƙafa ta ce in wanke, gobe kuma in rage citta. Ba ta ce na gode ba. Na ɗauki ƙwaryar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don Bafulatana ba ta hawaye a gaban baiwarta.

Da ɗana ya dawo daga Mai'adua, tun a zaure aka tare shi da cewa na ci mutuncin baƙuwarsa. Ya shigo fuska a ɗaure. Bai kai ga buɗe baki ba ta riga shi, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Kai ɗan baiwata, zo nan. Gobe ka sayo mini gero mai kyau da kuɓewa busasshiya da man shanu. Na gaji da jagwalgwalon gidan nan."

Ya dube ta, ya dube ni, sai ya durƙusa ya ce, "To, Iya." Ya fita da sauri yana share fuska da hula.

Madafa kuwa tun daga ranar ta fita daga hannunmu. Ita ta koya wa surukata burabusko, abincin Barebari na tsakin gero, har maƙwabta suka fara aiko da yara da kwano. Da watan cika-ciki ya kama, lokacin da abokan wasa ke karɓar shara a hannun juna, ban ankara ba sai na ji kuka a akurki. Ta kama mini kaza mafi girma, wadda nake tattali, ta ce sharar bana ke nan. Ta dafa ta da tuwo tukunya guda, ta zauna ta kasa shi kwano-kwano, ta aika gidan liman da duk gidajen da suka taɓa kawo mata langa. Matan suka riƙa shigowa suna cewa an gode, ita kuma tana amsawa da kai kamar ba komai ba. Ni ƙafar kaza aka ba ni, wai ita ce rabon bayi.

Daga baya an sami ɗanta guda a can Nijar, yana zuwa duba ta, ya ma so ya tafi da ita. Ta ce ba yanzu ba, in ta tafi wa zai sa ido a kan Fulata. Sauran 'ya'yan har yau shiru. Akwai ranakun da takan tashi ba magana, ta zauna ta fuskanci gabas da carbi a hannu, turaren wutar da take haɗawa na sayarwa ma ba ta taɓa shi. Irin ranakun nan nakan ƙyale ta har la'asar. In inuwa ta kai bakin rijiya sai in ɗauko kujerata in kafa a ƙofarta, in fara juya ludayi.

Yanzu hannuna ya yi rauni, surukata ce ke daka, ni dai awon yaji ne nawa da damu. Cittar ban rage ko kaɗan ba. Jiya ma sai da ta yi mita a kanta, bayan ta turo mini ƙwaryar ba komai a ciki.