Farantin Usta Norkuzi

Kullum da hantsi za ka ji gudumar Usta Norkuzi (Usta muke ce wa gwanin sana'a) a bakin kasuwar garinmu Rishton, yana ƙera tukwanen dafa shinkafar biki. A makon nan ya ajiye gudumar, tsufa ya sa hannu ya fara rawa. Abin mamaki, ko shayin girmamawa unguwa ba ta haɗa masa ba! Wallahi na ji kunya.

Mun manta ke nan? Zamanin mulkin kwaminis, ko akwatin rediyo ka murɗa zuwa tashar waje sai ka yi bayani. A lokacin ne mutumin nan ya ƙera wani ƙaton faranti, ya haɗa da na'urar da wani mai gyaran rediyo ya harhaɗa masa, ya kafa a kan soro don kamo hoto daga tauraron ɗan'adam. Da rana matarsa ta shanya 'ya'yan itace a kai, ka rantse abin shanya ne. Da an gane, kurkuku zai tafi.

Ranar Arfa ya kwashe shanyar ya juya farantin. Sai ga Ka'aba a talabijin! Tsofaffin unguwa da suka taru a ɗakinsa, waɗanda a zanen darduma kawai suka santa, suka daskare. Wata ta ce, "Usta, dama da gaske mutane na zuwa?" Ta fashe da kuka.

Ana cikin haka sai ga Mirzakarim ɗan sanda, ya biyo waya daga soro har ɗaki. Kowa ya sha jinin jikinsa.

"Usta, tashi mu je," in ji shi. "Wannan ce shanyar?"

Kai ne ka miƙe, Usta, ba gardama, kana neman hularka. Sai wata tsohuwa ta juyo daga sahun gaba. Ashe Inna Tursunoy ce, uwar da ta haifi ɗan sandan!

"Kai, Mirzakarim! Da takalmi za ka shigo gaban Ɗakin Allah? Cire, ka zauna. Ka tare mini haske."

Ya dubi uwar, ya dubi akwatin talabijin. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi.

Inna Tursunoy ta rasu ba ta je Makka ba, amma ta gani, kuma kai ka nuna mata, Usta. Mun gode, maƙerin unguwa, Allah ya saka. Ku kuma masu sana'a a hannu, ku duba abin da maƙwabtanku ke ƙishirwarsa. Gobe za mu kai wa Usta shayin. Mirzakarim ya ce shi zai ɗauko butar.