Ƙafar Tela Ta Ƙi Manta Keke

Tela namu tun yana da gashi a ka yake taka keken ɗinki. Rabin unguwa shi ya ɗinka musu kaya, ɗaya rabin kuma har yau suna jiran "jibi in Allah ya yarda". Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ba abin da ya fi cin ransa kamar matakalar shagonsa. Shago a saman bene, mai shago ko tsakar gida sai an riƙe shi.

Sai asibiti suka ara masa wani ƙarfe mai batir, ana ɗaura shi daga ƙugu zuwa idon sawu. Wata injiniya mai gilashi ta ce akwai kwamfuta a ciki da za ta koyi tafiyarsa: in dunduniya ta sauka, yatsu suka tashi, sai ta tura ƙafar gaba. In ta kasa koyon tafiyarsa, wani za a ba ƙarfen, masu jira suna da yawa.

"'Yata, na koya wa dolaye ɗinki," in ji Tela, "balle kwamfuta."

Ranar farko yana tsaye yana gaisawa da likita, ƙarfen ya kwashe shi ya yi waje, gaisuwar a baranda ya ƙarasa ta. Washegari ya kai shi ɗakin ajiye tsintsiya.

"Baba, tsaya mana!" in ji injiniya.

"Ni nake tafiya? Abin naki ne mai aljanu!"

Injiniya ta duba allo. Kwamfuta ta rantse takun da Tela ya yi a tsaye ya isa ya kai mutum wata ƙasa ya dawo. Da aka kwashe kwanaki a haka, injiniya ta sunkuya jiki a sanyaye za ta kwance ɗaurin, a kai wa wani. Tela ya tuna shagonsa. Shi ke nan, shi da bene sai kallo daga ƙasa! Idonsa kuwa ya faɗa kan aljihun farar rigarta, an ɗinka shi a karkace. Takaici ya kama shi, ƙafa ta soma: dunduniya ƙasa, yatsu sama, dunduniya ƙasa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Keke yake takawa," in ji matarsa. "Ko a barci haka yake. Saura kaɗan ya ɗinke ni da katifa."

"Maman yara, sai kin tona ni?"

Keken aka kinkimo har asibiti. Tela ya sake wa ma'aikata aljihu kaf, injiniya na nuna wa kwamfuta: wannan ɗinki ne, wancan tafiya. Da ƙyar kwamfutar ta yarda.

Ranar da ya hau benen da ƙafarsa, masu jiran kaya suka hau bayansa. Yanzu da ya hango ɗaya a bakin ƙofa, sai ya miƙe ya wuce shi yana ɗaga hannu: "Wallahi ba ni ba ne, ƙarfen ne!"